Iskar da Likita Ta Rubuta wa Iya

Iya ta rasu a ƙarshen daminar da ta wuce, kuma har yau idan na haɗu da waɗanda ba su samu zuwa gaisuwa ba, sai sun tambaye ni me ya same ta. Nakan ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, kuma ita ce amsar da ba ta ɓata wa kowa rai. Sauran bayanin ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah zai sa ya kai ga wanda yake da tsohuwa ko ƙaramin yaro a irin gidan da ake shanya fararen kaya a kwashe su da ɗigo-ɗigon baƙi.

Gidanmu yana unguwar Bolari, can bayan tasha. Daga katangar ɗakin Iya sai filin 'yan babbaka, inda ake ƙone gashin kawunan shanu da ƙafafu da fatar ganda kafin a kai kasuwa. Sana'ar gidanmu ce. Babanmu, Allah ya jiƙansa, da ita ya zo daga wajen Katsina, kuma a zamaninsa da kara da itace ake yi, hayaƙin har ɗan ƙamshi yake, mu yara muna haɗiyar miyau. Da ya rasu, babban wanmu Yaya Habu ya gaji wurin. Itace ya yi tsada, kara ya yi nisa, sai wani ya gano cewa tsohuwar taya tana ci da ƙarfi, ba ta mutuwa da wuri, kuma masu faci kusan kyauta suke bayarwa don a rage musu tarkace. Daga mutum ɗaya kowa ya ɗauka. Wanda ya ce shi sai itace, kafin ya gama kai ɗaya maƙwabcinsa ya gama uku ya kwashe masu saye.

Garin namu a cikin kwari yake. Ranar da iska ta tsaya, hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya kwanta a kan rufin gidaje, ya haɗu da na kekuna masu ƙafa uku da na manyan motocin tasha da na janaretocin masu walda, ya zama wani duhu-duhu mai wari da rana ke leƙowa ta bayansa jajir. Mu da muka tashi a ciki mun daina ganinsa. Ni sai da na yi aure na koma unguwar Malam Inna, wata safiya na fyace hanci na ga majina fara, na tsaya ina kallonta kamar ba tawa ba.

Dole in faɗi yadda Iya take da Yaya Habu, in ba haka ba babu wanda zai gane abin da ya biyo baya. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce mai tsananin kunya. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "yayanku". Idan ya durƙusa yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Idan ta ɓoye masa ƙanzo ko tsokar nama, sai ta miƙo mini kwano ta ce in kai wa mutanen waje, alhali shi kaɗai ne a zaure. Muna yara mun ɗauka ba ta ƙaunarsa ne. Ni ce auta, ni ce ta hira da tsokana, ni kaɗai nake iya ce mata tsohuwa mai rigima ta kawo mini duka da carbi tana dariya.

Tari kam ta daɗe da shi, muna ce masa tarin tsufa. Farkon damina ne ya canza hali. Na tuna lokacin saboda duron ruwanta. Muddin ana damina Iya ba ta shan ruwan famfo balle na 'yan garuwa, tana da duro a ƙarƙashin indararo, ta ce ruwan sama daga hannun Allah yake kai tsaye. Ruwan farko ya sauko baƙi kamar an wanke tukunya, ta sa aka zubar. Na biyu ya kwanta da wani maiƙo a samansa. Na uku ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Auta, ruwan bana bakinsa ya canza." A wannan daminar ne kuma kwanon ɗakinta ya fara yoyo ta wasu ƙananan huji, kwanon da bai wani tsufa ba, ganyen zogalenta kuma ya yi tabo-tabo kamar an yayyafa masa ruwan zafi.

A makon farko na canjin tarin numfashinta ya fara fito da wani siririn sauti kamar na usur. Ta koma salla a zaune, kuma na lura ba ta iya kai Fatiha ƙarshe sai ta tsaya ta huta a tsakiya. Muka yi abin da kowa yake yi: maganin tari na kwalba daga kemis, zuma da tafarnuwa, shayin citta da kanumfari. Duk wanda ya shigo dubiya da nasa maganin, kuma kowa ya rantse nasa ne ya tashi kakarsa.

Mako na biyu Goggo Talatu, ƙanwar babanmu, ta taso daga unguwar Shamaki da ƙunshinta. Ta kasa kunne a bayan Iya, ta ce, "Sanyi ne ya yi gida a ƙirji. Wannan ba aikin kwalba ba ne, sai turare." Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa habbatus sauda da wasu saiwoyi, ta lulluɓe Iya da bargo har kai. Ina tsaye ina kallo, har ni na riƙe gefen bargon, don duk mun yarda hayaƙi magani ne. Da farko tari muke ji a ciki, Goggo tana cewa, "Yauwa, ciwo ne yake fita." Sai tarin ya tsaya, bargon ya karkace gefe.

Ihuna ne ya kawo Mama Nkechi, maƙwabciyarmu da mijinta ke sayar da kayan gyaran mota. Ta fizge bargon, ta yi fatali da kaskon, ta ce, "Hajiya, so kuke ku kashe Iya? Hayaƙi a waje, hayaƙi a ciki, ina za ta samu iska?" Ta ruga gida ta ɗauko abin shaƙa na ɗanta mai asma, ta fesa wa Iya a baki, ta fita titi ko takalmi babu ta tsayar da keke. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Goggo ma ba na zarginta, abin da aka yi wa iyayenta ta yi, kuma daga ranar har ƙarshe, muddin Iya tana Bolari ko asibiti, ita ce mai wanki da kwana a ƙasa.

Asibiti kowa ya san halinsa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin biyan kuɗi daban, kuma kowane layi sai an ce mai aikin ya fita yanzu-yanzu. Tsohuwa da ke neman numfashi tana jingine a jikina a kan benci, wani ma'aikaci yana ce mini in yi haƙuri kowa ma mara lafiya ne. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki don a duba tarin tibi, aka ce mu dawo. Da muka dawo aka ce ba tibi ba ne, na ɗaga hannu ina hamdala. Wata nas mai kirki ta dube ni da tausayi, ta ce a hankali, "'Yar'uwa, tibi ai yana da magani." Sai daga baya na gane abin da take nufi.

Likitar mace ce, matashiya. Ta ɗaga hoton a hasken taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama tana shan taba ne?"

Iya ta gyara mayafi. Duk da wahalar da take ciki sai da ta tattaro numfashi ta ce, "Yarinya, ni ko goro sai da na aurar da 'ya na fara ci a gaban mutane."

Likitar ta ba da haƙuri har da sunkuyar da kai. Ta ce ta tambaya ne don huhun Iya ya yi kama da na wanda ya shekara da shekaru yana zuƙar sigari. Ta tambayi da me muke girki, da abin da ke kusa da gidan. Na gaya mata komai, har da duron ruwa da kwanon da ke yoyo. Ta ce duk tushensu ɗaya. Hayaƙin taya da na injina, wanda ya kwanta ƙasa mutane su shaƙa, wanda ya hau sama ya haɗu da hadari ya dawo cikin ruwa da tsami-tsami, shi ke cin kwano yana ƙona ganye. Ta ce, "Abin da ya ci ƙarfe, Hajiya, ki yi tunanin naman ƙirji." Sannan ta faɗi maganar da na haddace: "Abin da ya lalace ba zai dawo ba, abin da ya rage muke karewa. Zan rubuta magani, amma babban maganin ba a kemis yake ba. Iska mai tsabta take bukata. Ku ɗauke ta daga gidan nan."

A cikin keke muna komawa, Iya ta kama hannuna. Ta ce, "Abin da yarinyar nan ta faɗa, a nan ya tsaya. Kada yayanku ya ji."

Na ce, "Iya, ranki fa ake magana."

Ta ce, "Na ce kada ya ji. So kike a ce a gari sana'arsa ta ci uwarsa? Da wane ido zai kalli mutane? Da me zai ciyar da bakunan da ke gidan?"

A ranar na san matar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba ta fi son sa a kan numfashinta. Na ji haushinta, na ji tausayinta, kuma na yi shiru, don ban taɓa tsallake maganarta ba.

Daga nan aikina ya zama ɗaya: in fitar da ita daga Bolari ba tare da na faɗi dalili ba. Na share mata ɗaki a gidana, maigidana ya je da kansa ya roƙe ta. Ta ce ita ba za ta zauna gidan suruki tana tari yana ji ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. A ƙarshe na ce mata bayana ya riƙe, ba ni da mai kama mini yara, sai ga ta ta ɗauro ɗan ƙunshinta tana mitar 'ya'yan zamani ba su da ƙashi.

Kwanakin da ta yi a Malam Inna su ne kaɗai masu daɗi a duk jinyar. Usur ɗin nan ya yi ƙasa. Ta fara cin tuwo, ta fara zagaya tsakar gida tana yi wa miyata tsiya, wai gishirin ma tsoronsa nake ji. Ranar Juma'a ta yi salla a tsaye. Na shiga ɗaki na yi kukan murna, na ce a raina mun tsira.

Sai Goggo ta zo dubiya, ta gan ta tana tsince shinkafa a inuwa. Da zuciya ɗaya ta ce, "Kai, masha Allah! Ga shi nan, da aka raba ki da hayaƙin Habu har kin murmure." A gaban maƙwabtana biyu ta faɗa. Iya ta miƙe. Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshinta a ɗaure. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za ta. Ta dube ni ta ce, "Auta, ko ki kira mini keke, ko in taka da ƙafata." Kafin la'asar tana ɗakinta, katanga ɗaya tsakaninta da wutar taya.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Muka toshe tagar da tsumma da leda, ɗaki ya zama tanda, muka buɗe, hayaƙi ya shigo. Na hana ta ruwan duro, ta ce ruwan leda ba ya kashe mata ƙishi. Na zagaya na ce wa Yaya ko zai gwada wutar gas, na ji wasu suna yi. Ya ce ya tambaya, abin da zai kashe ya fi abin da zai samu, kuma ko ya canza, sauran mutanen filin fa? Wata rana na shirya na tafi ofishin masu kula da tsabtar muhalli in kai ƙara. Na kai har bakin ƙofa, sai na tambayi kaina wa za a fara kora idan sun zo. Na juyo gida ban shiga ba.

Ƙafafunta suka kumbura, leɓenta ya yi duhu, abin shaƙar da ke taimaka mata ya daina kai ta ko rabin yini. Aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci. Tukunyar iskar ba ta isar marasa lafiyar ɗakin, wani lokaci sai a cire wa wannan a sa wa wancan, kina kallo ba ki da ta cewa, don wancan ma uwar wani ce. Akwai nas ɗin da ke yi mana tsawa kamar mu muka ɗora wa kanmu ciwon, akwai kuma wadda ke kiran Iya "kakata" tana gyara mata filo. 'Yan kunnena suka tafi kasuwa, keken ɗinkin matar Yaya ya bi su. Sauran nauyin duk Yaya ne ya ɗauka. Ya ƙara karɓar aiki, ya ƙara sayen tayoyi, yana fara wuta tun da sassafe ba ya tashi sai yamma. Ina zaune a gefen gado ina kallon robar nan, na san duk iskar da Iya ta shaƙa a asibiti taya ce ta biya ta. Wallahi ban san wa zan yi fushi da shi ba.

Da ta ga abin ba ya gaba, ta ce a mai da ita ɗakinta. Likitar ba ta yi gardama ba, ta dai dafa kafaɗata. Ran nan da yamma Yaya ya shigo daga fili, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu amma baƙin yana nan a tsagar fata, kayansa suna warin taya. Warin kaɗai yana tayar mata da tari, har na buɗe baki zan ce ya tsaya daga ƙofa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ya jikin?" Fuskarta tana bango kamar kullum. Sai na ga hannunta ya lalubo nasa, ta ja shi ta ɗora a ƙirjinta, ta riƙe. Tana tari, ba ta saki ba. Da ta samu sarari ta ce, "Auta, ki gaya wa yayanku ya ci abinci, ya rame." Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

'Yan babbaka mutanen kirki ne. Saboda matar tsohon maigidansu ce, duk filin suka kashe wuta har aka yi sadakar uku. Safiyar farko ta zaman makoki na fito tsakar gida na ɗaga kai, na ga sama shuɗiya a kan gidanmu, abin da rabona da gani tun ina yarinya. Mata suna zaune a rumfa, wata ta ce, "Kai, yau Bolari da iska mai daɗi." Na tashi na shiga ɗakin Iya na rufe ƙofa. Iskar da likita ta rubuta mata ce ta zo har ɗakinta, kyauta, tana kaɗa labule, mai ɗakin kuwa tana maƙabarta.

Bayan an watse na tarar da Yaya a zaure shi kaɗai. Bai ɗago ba ya ce, "Na bi likitar a baranda na tambaye ta. Tun kafin a kwantar da Iya na sani."

Na ce, "Yaya, ka sani ka yi shiru?"

Ya ce, "Ke fa?" Sannan ya ce, "Akwai safiyar da na ƙi kunna wuta, na ce ko me za a yi a yi. Sai Iya ta aiko Ummi har fili, wai a gaya wa babanta yau ba ta ji warin aiki ba, ko lafiya? Na gane saƙon. Na tashi na kunna."

Ummi ita ce babbar 'yarsa, takwarar Iya, a ɗakinta take kwana tun da aka yaye ta. Washegari wuta ta dawo filin, don ciki ba ya zaman makoki. Ina haɗa kayana zan koma gida na ji tarin Ummi daga bayan ƙofa, a ƙarshensa da ɗan siririn usur ɗin nan da zan gane ko a cikin kasuwa. Na ce wa Yaya ya ba ni Ummi. Bai tambaye ni dalili ba, ya shiga da kansa ya haɗo mata kaya.

Ina gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da wanda ya aiko, da likitar da ta faɗa mana gaskiya. Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. Tarin da ya ƙi tafiya ba tsufa ba ne, a kai shi asibiti tun yana ƙarami. Mai neman numfashi ba a lulluɓe shi da turare. Idan ruwan indararo ya canza baki, kwano ya huje ba dalili, to ku ma abin yana cikinku. Wanda yake da inda zai kai tsohonsa ko ɗansa, ya kai shi. Wanda ba shi da shi, ban san me zan ce masa ba, don ni ina da ɗakin, ina da maganar likita, kuma bai hana komai ba.

Ummi tana wurina yanzu, da abin shaƙa a jakar makarantarta. Ƙannenta suna can Bolari, ba zan iya kwashe gida guda ba. An sake wa ɗakin Iya kwano, matar Yaya ta koma ciki da jaririnta don ya fi sauran ɗakunan faɗi. Shekaranjiya na je, na tarar ta shanya fararen rigunansa a igiya, sun yi ɗigo-ɗigo. Na ɗauke shi kamar mai yi masa wasa, na juya baya don kada uwarsa ta gani, na kara kunnena a ƙirjinsa. Ban ji komai ba tukuna.